Kada a raba yaro mai galahanga da abin da ya ƙwallafa rai a kai

"Ku zo ku ɗauki ɗanku, ba za mu iya da shi ba." Da wannan magana karatun yara da yawa masu larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, yake ƙarewa a garuruwanmu. Wani lokaci a fili ake faɗa wa iyaye. Wani lokaci kuma a lulluɓe ake yi: kullum sai an kira uwa a waya, yau ya ciji wani, gobe ya ƙi zama a kan benci, jibi ya toshe kunnuwa yana ihu a wurin taron safe, har ta gaji don kanta ta daina kai shi. Ba a cewa an cire shi daga makaranta, sai a ce ana jira ya ɗan samu sauƙi. Shekara ta zagayo, wata ta biyo bayanta, ƙannensa su zo su wuce shi, shi kuwa yana tsakar gida da wayar uwarsa a hannu.

Zaman yaro a gida daban, karantar da shi a gida daban. Na farko asara ce da muke gani kullum muna kau da kai. Na biyu kuwa hanya ce ta gaskiya da iyali za su iya bi idan makaranta ta gaza, kuma ya kamata hukuma ta san da ita, ta tallafa mata. A cikin darussan da za a fara wa irin wannan yaro da su a gida ban ga wanda ya kai tarihi ba, da sharaɗin a faro daga abin da shi yaron ya riga ya ƙwallafa rai a kai.

Galahanga ba jifa ba ce, ba shafar aljanu ba ce, ba kuma sakacin uwa ba ne. Yadda ƙwaƙwalwa ta ginu ne tun farko, kuma gado yana da babban hannu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin ƙiyasin cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita, a Amurka kuwa alƙaluman da hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta fitar a 2025 sun nuna 1 cikin 31 a tsakanin 'yan shekara 8. Da wuya ke nan a sami unguwar da babu irin wannan yaro. Yakan sha wahala wajen magana da cuɗanya, yana son komai ya tafi a kan tsarin da ya sani, kuma ƙara ko haske ko warin da mu ba ma lura da shi yana iya yi masa zafi na gaske. Wanda ya san ajin firamare na gwamnati da tsakar rana, yara sun cika har ƙofa, kwano ya ɗau zafi, malama tana ɗaga murya tana buga tebur da sanda don a ji ta, ya san me ya sa yaron nan yake toshe kunne. Ba rashin kunya yake yi ba.

Sai kuma alamar da ta fi damun iyaye a gida: ƙulafucin abu guda. Wani jirgin ƙasa ne, wani lambobin motoci, wani tutocin ƙasashe, wani murafun kwalabe da zai jera tun safe har azahar. Mu kan kira wannan naci. A ɓoye kayan, a ƙwace, a tsawata, a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina ganin wannan shi ne babban kuskuren da ake tafkawa a kan yaran nan, domin mutum ne ya tarar da ƙofar gida a buɗe ya bar ta, ya koma yana dukan katanga wai sai ya shiga ta nan.

Tun farkon sanin larurar aka ga haka. A 1943 likitan nan Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana halin yara 11, na farkonsu Donald Triplett, yaron da ba shi da abin so kamar ƙirge da aune-aune. Da ya zauna wurin wasu manoma miji da mata, ba su hana shi ƙirgensa ba. Sai suka sa shi haƙa rijiya yana auna zurfinta yana faɗa musu, suka sa shi noma yana ƙirga layukan masara. Ya girma ya yi jami'a, ya yi aiki a banki a garinsu Forest da ke jihar Mississippi, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Manoman nan ba ƙwararru ba ne, lura suka yi da yaro. A 2005 wasu masu bincike uku, Dinah Murray da Mike Lesser da Wenn Lawson, suka kawo bayanin da ya gamsar da ni: hankalin mai galahanga yakan tattaru ne gaba ɗaya a wuri guda ya yi zurfi, maimakon ya bazu a wurare da yawa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa fizgo shi daga abin da yake ciki yake birkita shi, shi ya sa kuma idan darasi ya biyo ta cikin abin nan yakan kama shi da ƙarfin da zai ba malami mamaki. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara bincike 20 a kan koyar da yaran ta hanyar abin da suke ƙulafuci, ya sami ci gaba a karatunsu da mu'amalarsu.

To me ya sa tarihi? Saboda babu abin da yaro zai so a duniya da ba shi da asali. Lissafi da nahawu suna da matakan da sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Tarihi kuwa ta ko'ina ana shigarsa.

Ɗan ƙanwata yana cikin yaran da aka ce a zo a ɗauka. Abin da ya kama ransa shi ne tsofaffin kuɗi. A cikin wani gwangwani na kakarsa ya tsinci aninai da kwabbai na zamanin Turawa, masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a gefe ɗaya. Yakan jera su a kan tabarma bisa shekarun da aka rubuta a jikinsu, kuma idan wani ya gusar da ɗaya, ranar ba zaman lafiya. Uwarsa, wadda malamar makaranta ce kafin ta ajiye aiki dominsa, ta daina ƙoƙarin raba shi da su. Sai ta zauna a gefen tabarmar tana kallo. Wata rana ya ɗora aninai biyu a tafin hannunta ya ce, "Umma, wannan ba daidai ba ne." Ta duba ba ta ga komai ba. Ya nuna mata da farce: a jikin na farkon shekarun 1940, bayan sunan Sarki Joji na Shida, akwai haruffan IND IMP, a jikin na 1950 kuwa babu su. Shi a wurinsa kuskure ne aka yi, kuma abin ya dame shi ƙwarai. Ta bincika ta gano cewa haruffan suna nufin sarkin Ingila shi ne kuma sarkin sarakunan Indiya, da Indiya ta sami 'yanci a 1947 sai laƙabin ya faɗi, aka cire shi daga kan kuɗi. Da ta gaya masa, sai ya yi tambayar da kowane malamin tarihi yake fatan ɗalibi ya yi: "To mu yaushe aka cire shi daga namu?"

Daga wannan tambayar suka shiga 1960 da 1963, suka ɗauko taswira suka nemo Indiya da Ingila da Gana da Saliyo da Gambiya, domin kuɗin nan ɗaya ne ake kashewa a ƙasashen Afirka ta Yamma huɗu da Ingila ta mallaka, a ƙarƙashin hukumar kuɗi da aka kafa a 1912. Lissafi ya shigo da ƙafarsa: anini 10 kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Shi ya gano da kansa cewa anini 2,400 ne a fam guda, yaron da aka ce ba ya gane sau. Suka koma baya zuwa kuɗin wuri, yadda ake kawo shi tun daga tsibiran Maldibs a tekun Indiya, da yadda ake ɗinke wuri 20,000 a keso guda, ya tsaya yana tunanin nauyin da mai zuwa Kasuwar Kurmi sayen doki zai ɗauka. Suka zo gaba zuwa 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta maye gurbin fam, naira biyu a fam ɗaya, ya fahimci dalilin da ya sa har yau tsofaffi ke kiran naira 200 jaka guda. Takardar naira 20 ta kai su ga Janar Murtala Muhammad, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976, aka sa hotonsa a kuɗin a 1977, ɗan Najeriya na farko da aka yi wa haka. Bayanta kuma ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, suka kwaɓa yumɓu suka gwada. Rubutun ajami da ke jikin naira 500 da 1,000 ya haɗa darasin da allonsa.

Abin da ya fi taɓa ni ba yawan abin da ya sani ba ne. Yaron nan ba ya zama a wuri idan ana hira. Amma da uwarsa ta ce masa amsar tambayarsa tana wurin kakarsa, sai ya je ya tsaya a gabanta, idonsa a kan aninin ba a kan fuskarta ba, ya ce, "Hajiya, me kika saya da wannan?" Ta ce, "Zauna, maigidana, in ba ka labari." Ya zauna. Ta yi ta ba shi labarin gyaɗa marau-marau da alewa, da yadda ake zura aninai a zare a ɗaura a ƙugu, ya saurara har ta kai aya, sannan ya sake tambaya. Yin tambaya, da jiran amsa, da barin wani ya gama magana, su ne abubuwan da ake biyan ƙwararru kuɗi masu yawa su koya wa irin waɗannan yara. A nan ya yi su ne don yana bukatar abin da ke bakin tsohuwar.

Yaron da jirgin ƙasa ya tafi da hankalinsa ma hanyarsa a share take. Dogo ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suke so a noma musu don masaƙun Ingila, manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, daga nan aka sami dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Irin wannan yaro zai so ya san cewa faɗin tsohon dogo milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1,435, kuma zai tambayi dalilin bambancin. Mai son jirgin sama a kai shi 1925, shekarar da jiragen sojan Ingila suka fara sauka a Kano daga Masar. Mai son jera sunaye a ba shi ƙofofin ganuwa, Nasarawa da Mata da Na'isa da Kabuga da Mazugal da sauransu, a kai shi ya gan su ɗaya-ɗaya, a faɗa masa ta Kabuga ce ake dangantawa da shigowar Turawa a 1903.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma iyaye suna faɗawa ciki saboda daɗi. Yaro zai iya haddace sarakunan Kano tun daga Bagauda da shekarun mulkinsu, a riƙa kiransa yana rerawa a gaban baƙi ana tafi. Wannan hadda ce, tarihi bai fara ba tukuna. Tarihi yana farawa ne daga "me ya sa": me ya sa Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ganuwa ya kafa kasuwa, me manomin nan ya hango da ya ƙi auduga, yaya mutanen cikin birni suka ji da suka ga an fasa ƙofa. Hasashen abin da ke zuciyar wani yana cikin abubuwan da suka fi yi wa mai galahanga wuya, kuma tarihi yana ba shi wurin gwada wannan a natse, a kan mutanen da ba sa tsare shi da ido suna jiran amsa nan take. Aikin mai koyarwa shi ne ya riƙa ƙara tambaya ɗaya a kan jerin da yaro ya kawo, ba tare da ya rushe masa jerin ba.

Masu cewa karatun gida al'adar Turawa ce ina roƙonsu su waiwaya. A makarantar allo kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a wanke wa wani don an wanke wa na kusa da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara 'Yan Taru, malamai mata da ake kira jajis suna ɗaukar karatu a waƙe suna kai wa mata har cikin gidajensu a ƙauyuka, domin ta san akwai masu neman ilimi da ba za su iya zuwa inda malami yake ba. Tafiya da ɗalibi gwargwadon ƙarfinsa da kai masa karatu inda yake abu ne da muka gada. Bulalar ce kawai ba za a ɗauko ba, don duka ba ya ƙara wa yaron nan komai sai tsoro. Ga shi kuma tarihin ma makarantun boko sun daɗe da sakin sa: an cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajajen 2009, sai a Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi, kuma malaman da za su koyar da shi sun yi ƙaranci.

Na san abin da za a ce, kuma maganar tana da nauyi. A ƙasar da UNICEF ta daɗe tana cewa yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa, yaba wa ajiye yaro a gida yana da haɗari. Uban da kunya ta sa ya kulle ɗansa a ɗaki zai iya fakewa da cewa karatun gida yake yi masa. Makarantar da ba ta son wahala za ta ji daɗin cewa ai gida ya fi masa. Ban yarda da ko ɗaya ba. Yaron da ake karantarwa a gida dole ne ya fi kowa fita: Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, tashar jirgi, masallaci, gidan kawunsa, a lokacin da babu cunkoso, an kuma gaya masa tun da wuri inda za a je da lokacin dawowa. Idan wata ya wuce maƙwabta ba su ga yaro a waje ba, ɓoyo ake yi, ko da wane suna aka kira shi.

Nauyin kuma kusan kullum a kan uwa yake sauka. Ƙanwata ta bar albashinta, kuma ba kowace mace ce za ta iya ba, ba kowace ce ta yi karatun da za ta bi sawun haruffa shida a jikin anini har Indiya ba. Uba da yake ganin nasa biyan kuɗi ne kawai ya sake tunani. Kai yaro yawon ganuwa ranar Asabar aikinsa ne. Haka nan ba duk mai galahanga ne zai yi tambaya irin ta ɗan ƙanwata ba. Wasu ba sa magana sam, wasu suna da farfaɗiya ko wata larurar a haɗe. Su ma suna da abin da suke so, sai dai darasinsu zai zama na hoto da taɓawa da jerawa da zane, ci gabansu kuma a hankali. Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, matashi mai galahanga da ya shiga kundin Guinness da zanen da ya haura murabba'in mita 12,000, wanda aka baje a Dandalin Eagle a Abuja ranar 2 ga Afrilu 2025, ta fenti ya sami hanyarsa. Amma kada a ɗauke shi ma'auni. Yaron da ba zai taɓa kafa tarihi ba shi ma ya cancanci a zauna a gefen tabarmarsa. Darasin tarihi kuma ba magani ba ne, ba ya maye gurbin ganin likita da ƙwararren mai koyar da magana.

A nan ne hukuma ta bar iyaye a tsaka mai wuya. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya yi firamare da ƙaramar sakandare, har da tara ko ɗauri ga wanda ya ci gaba da ƙi. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019, ta ce makarantun gwamnati su karɓi kowa, su tanadi ƙwararren ma'aikaci da kayan aiki. Uwar da aka ce ta zo ta ɗauki ɗanta tana tsakanin dokar da ta tilasta mata kai shi da makarantar da ba ta cika tata dokar ba. Wasu ƙasashe sun warware wannan. Dokar ilimi ta Ingila ta 1996 ta ɗora wa iyaye samar wa yaro ilimin da ya dace da shi, a makaranta ko ta wata hanyar. Afirka ta Kudu ta halatta karatun gida a dokar makarantunta ta 1996, da sharaɗin a yi wa yaron rajista a wurin hukuma.

Wannan na biyun ne nake ganin ya dace da mu, domin rajista ita ce za ta raba mai karantarwa da mai ɓoyewa. Hukumomin ilimin bai ɗaya na jihohi su buɗe rajistar yaran da larura ta sa ake koyar da su a gida, sunan yaro ya zauna a littafin makarantar unguwarsu, ya riƙa zuwa darasin da zai iya jurewa, ko sau ɗaya ne a mako. A riƙa turo malami duk zangon karatu ya ga aikin da aka yi, ya ba uwa shawara. Malaman suna nan: Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo tana yaye su tun shekarun 1970, Jami'ar Bayero ma tana da sashen ilimin masu bukata ta musamman, ɗalibanta za su iya yin wani ɓangare na koyon aikinsu a irin waɗannan gidaje. WAEC da NECO sun riga suna da jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen sakandare; abin da ya rage shi ne a buɗe irin wannan hanya a matakin firamare da ƙaramar sakandare, da ɗaki marar hayaniya da ƙarin lokaci. Gidajen tarihi kuma su ware safiya guda a wata, ba ayarin 'yan makaranta, ba lasifika, a fito da wasu kayan da yaro zai iya riƙewa a hannunsa.